Bakin Hankaka a Jikin Bango: Me Ake Nufi da Kobel?

 

Yau maganar gini za mu yi. Kar wani ya ce ai shi ba magini ba ne ya wuce. In dai kana kwana a ƙarƙashin rufi, ko kana tsayawa a barandar bene kana amsa waya, to maganar ta shafe ka.

Abin da ya jawo ta shi ne, kwanakin baya ƙanena ya kira ni da daddare. Yana gina ɗan shago a Narayi, da ɗaki biyu a sama. Ya ce, "Yaya, akwai wani abu a takardar zanen nan da muke ta gardama da birkila a kai." Ya turo min hoto. A saman fila biyu na gaba, an zana wani ɗan abu ya turo kai waje, kamar mutum ya fito da haɓarsa, kuma a kansa ne bim ɗin da ke riƙe baranda zai zauna. An ja kibiya an rubuta kalmar Turanci, harufanta C, O, R, B, E, L. A bakinmu sai mu ce kobel.

Shi birkilan cewa ya yi, "Oga, wannan ai kwalliya ce. Iyayin 'yan boko ne kawai. A cire shi mu rage rodi da katako." Ƙanena kuwa kun san halin mai gini a wannan zamani, kuɗin siminti ya sha masa kai, duk abin da aka ce a cire zai ji daɗi. Allah ya sa dai ya tambaya. Ni ma a lokacin ban san amsar ba. Sai na nemi wani abokina injiniya, sannan na je wajen wani dattijo, tsohon magini ɗan Zariya da ya daɗe a Kakuri. Abin da na kwaso a wajensu shi na kawo muku.

To, mene ne kobel? Wani ɗan guntun abu ne, na dutse ko bulo ko katako ko kankare, da ke fitowa daga jikin bango ko ginshiƙi don ya ɗauki nauyin wani abu a kansa. Babu ƙafa a ƙarƙashinsa. Gindinsa yana binne cikin bango, kansa yana waje, kaya na kan kan. Shi ke nan.

Asalin kalmar ma akwai ban dariya. Turawan Ingila aro suka yi daga tsohon Faransanci, su kuma daga Latin, kuma ma'anarta ɗan hankaka. An ce saboda yadda abin ke turowa daga bango ya yi kama da bakin hankaka. Har yau a Faransanci kalma ɗaya ce, korbo, ita ce hankaka, ita ce kuma wannan abin na gini. Ke nan 'yan'uwanmu na Maraɗi da Yamai da suka yi karatun gini da Faransanci, hankaka suke kiransa kai tsaye.

Da na gaya wa Baba maginin nan haka sai ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗana, ku yaran Kaduna sai abu ya zo da Turanci kuke ganin girmansa. Wannan ai tauyi ne."

Nan fa hira ta yi daɗi. Bari in ɗan tsaya a kan wannan, don shi ya fi burge ni.

A ginin soro na ƙasar Hausa, rufi da azara ake yi. Azara kun san ta, gangar giginya ce da aka tsaga, ga ƙarfi, kuma gara ba ta cika damunta ba. Amma tana da iyaka. In ka shimfiɗa ta daga bango zuwa bango sannan ka ɗora mata ƙasar rufi, abin da za ta iya tsallakewa lafiya bai wuce kamar ƙafa 6 ba, wato mita 1.8. Ka wuce haka, ta lanƙwashe. To ɗaki mai faɗin ƙafa 6 ai sai dai tabarma ɗaya. Yaya za a yi?

Sai magina suka yi dabara. Kusa da saman bango sai su binne gajerun azaru, rabi da wani abu a cikin bango, sauran ya turo cikin ɗaki kamar ƙafa ɗaya da rabi. Su yi haka a wannan bango, su yi a wanda ke kallonsa. Yanzu doguwar azara ba a kan bango za ta zauna ba, a kan waɗannan da suka turo za ta zauna. Ita dai ƙafa 6 ɗinta take tsallakewa, amma ɗaki ya zama ƙafa 9. Ka ga an ci ribar ƙafa 3 ba tare da an kafa ginshiƙi a tsakar ɗaki ba. Wannan turowar ita ce tauyi.

Daga nan aka wuce zuwa baka. Wannan lanƙwasar da kake gani a cikin zauren sarakuna, wadda in ta yi faɗi ake ce mata bakan gizo, da rufin ɗaurin guga, duk wannan dabarar ce aka ninka. A binne azara a bango ta ɗan karkato, a ɗaure ta, a yaɓe da ƙasa, a bari ta bushe, sannan a ɗora wata a kanta ta ƙara turowa. Mataki-mataki daga hagu, mataki-mataki daga dama, har su haɗu a tsakiya. Inda aka nuna ƙarshen gwaninta a wannan aiki shi ne Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. An kewaye shi da sabon gini daga baya, amma a lokacin an bar tsohon babban zauren a ciki. Daga Kaduna ai tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna. Kuma akwai kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Ba mu kaɗai ba ne. Mutanen Maya a ƙasar Meziko haka suka rufe ɗakunansu, dutse kan dutse kowanne ya ɗan wuce na ƙasansa. A ƙasar Girka akwai tsohon kabari a Maisini mai irin wannan rufi, ya haura shekara 3,000. A Ailan akwai wanda ya kai shekara 5,000, kuma rufin bai faɗo ba. Duk wanda ya so rufe wuri mai faɗi da gajeren abu, nan yake ɓullowa.

Me ya sa mu yaran kudancin Kaduna ba mu san kalmar tauyi ba? Ba laifinmu ba ne sosai. Kaduna ba irin Zariya ko Kano ba ce mai ganuwa da unguwar magina. Turawa ne suka kafa ta suka dawo da hedikwata nan a 1917. Tsallaken kogi kuwa jirgin ƙasa da masana'antu ne suka raya shi. Masaƙar KTL ta buɗe a Kakuri a 1957, sauran masaƙu suka biyo baya, Peugeot ta zo a 1975. Ma'aikata suka taru daga ko'ina, Makera da Nasarawa da Barnawa da Television da Sabon Tasha suka cika. Gidajen da aka yi musu na kwano ne, daga baya bulo da siminti. Mun tashi muna jin linta, fila, bim, dekin. Azara sai in an je ƙauye hutu.

Amma kobel bai bar mu ba. Wanda ya taɓa shiga babban ɗakin masana'anta mai injin ɗaga kaya da ke gudu a sama, ya tuna a kan me dogon ƙarfen da injin ke bi yake zaune. Sau da yawa a kan wata kafaɗa ce da ta fito daga jikin ginshiƙi. Kobel ke nan, kuma tan-tan na kaya yake ɗauka. Ƙarfen nan mai kusurwa da ake kafewa a bango a ɗora injin AC na waje, shi ma ɗan gidan ne. A ƙasashen da ake lulluɓe dogayen benaye da jan bulo, akwai ƙarafan da ba sa tsatsa da ake ɗaurewa a bakin dekin kowane hawa, don su riƙe bulon kar nauyin ya taru a ƙasa. Aiki ɗaya ne.

Yanzu mu zo kan abin da ya sa na ce maganar ta shafi kowa.

Ɗauki jarkar ruwa mai lita 25. Riƙe ta a jikin cinyarka, za ka iya tafiya da ita. Yanzu miƙe hannunka gaba da ita. Ko daƙiƙa biyar ba za ka yi ba. Nauyin bai ƙaru ba, nisa ne ya ƙaru. Kuma ka lura da inda ka ji zafin: ba a yatsu ba, a kafaɗa, inda hannu ya haɗu da jiki. Haka duk abin da ya turo daga bango yake. Wahalarsa a gindi take, kuma in ka ninka tsawon turowar, ka ninka ƙarfin da ke son murɗe gindin. Shi ya sa kobel na gaskiya gajere ne mai kauri. A lissafin injiniyoyi, nisan inda kaya ya zauna daga jikin ginshiƙi ba ya wuce kaurin kobel ɗin daga sama zuwa ƙasa. In ya yi tsawo ya sirance, kamar barandar da ta turo ba fila, to ya koma abin da ake kira kantiliba a wurin gini. Wa da ƙane ne, amma lissafinsu daban.

Na biyu, me ke hana shi kifewa? Sa rula a bakin tebur, rabi a waje. Ɗora wayarka a kan wajen, rula ta tashi. Danne ɓangaren da ke kan tebur da tafin hannu, ta zauna. Wannan tafin hannun, a ginin ƙasa, shi ne nauyin bangon da ke saman tauyi. Baba ya ce min, "Ba ma ɗora wa tauyi kaya sai an yi masa gini a bisa ya bushe. Wanda ya yi gaggawa, shi da azarar za su sauko tare." A ginin kankare kuwa, rodin da ya shige can cikin fila ko cikin dekin ya lanƙwasa, shi ne tafin hannun. Ba a ganinsa. Kuma abin da ba a gani shi ne wanda ake fara ragewa in kuɗi sun yi ƙasa.

Na uku shi ne wanda abokina injiniya ya ce ya fi kashe mutane, kuma ina roƙo a saurara da kyau. Kankare yana da juriyar danni sosai, amma ba ya jure ja. In aka ja shi, tsagewa yake. Rodi ne ke jure ja, shi ya sa ake haɗa su. Dekin da ya zauna kan bango biyu, tsakiyarsa ce ke son lotsawa, don haka ƙasansa ne ke jawuwa, kuma a ƙasa ake jera babban rodi. Birkila ya yi wannan sau ɗari, hannunsa ya saba. To a abin da ya turo waje, lamarin juyewa yake. Ka riƙe rake da hannu ɗaya ka danna ƙarshensa ƙasa, ina yake fara tsagewa? Ta sama. Ke nan a kobel da kantiliba, babban rodi a sama yake zama. Wanda ya jera shi a ƙasa bisa sabo, ya zuba kuɗinsa a inda ba ya aiki. Daga waje baranda za ta yi kyau, a yi mata fenti, a sa tayil, amma a inda ake bukatar ƙarfe kankare ne tsirara.

Kuma ko an jera daidai, akwai ranar zuba kankare. Kun san yadda ranar take: leburori suna gudu da kwano a ka, ana ihu, ana son a gama kafin duhu. Kowa ya taka rodin saman nan, ya danne shi ƙasa. Kankare ya rufe, ba wanda ya sani. Shi ya sa ake sa masa 'yan ƙarafan tallafi da ake kira kujera, a kuma shimfiɗa katako a bi ta kai. Sannan maganar cire turakun da suka tokare shi. Kankare sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi. Amma sai ka ji kafinta yana cewa yana da wani aikin a Gonin Gora, katakonsa yake so. Abin da ya turo waje shi ya kamata ya zama na ƙarshe da za a cire wa turaku, kuma da izinin injiniya.

Bulonmu ma akwai magana. A inda ake gini da jan bulo mai cikakken ciki, ana yin kobel da bulon kansa, kowane layi ya ɗan wuce na ƙasa kaɗan, ba fiye da kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa ba. Namu na inci 9 da inci 6 rami ne a cikinsa. Ka turo shi waje, fatar bulo ce kawai ke ɗaukar kaya, kuma kun san wasu masu buga bulon yadda suke jan buhun siminti ɗaya ya haifi 'ya'ya da yawa. Haka wanda ke kafe ƙarfen AC ko na tankin ruwa a irin wannan bulo da ƙusa huɗu ya tafi.

Tunda na ambaci tanki: lita 1,000 na ruwa kilo 1,000 ne. Buhun siminti 20 ke nan. Ku zaga Sabon Tasha ko Unguwar Boro ku ɗaga kai, za ku ga inda aka ɗora baƙin tanki a kan ɗan dekin da ya turo, wanda asali don ya tare ruwan sama daga taga aka yi shi. A ƙarƙashi kuma mai shayi ne da bencinsa. Ni wannan abin yana ba ni tsoro fiye da komai a cikin maganar nan, don mai gidan bai ma san ya yi laifi ba. Shi dai ya ga wuri ne fili.

Sai ruwa. A watan Yunin 2015, a garin Bakli na jihar Kalifoniya a Amurka, baranda ta karye da ɗalibai suna bikin ranar haihuwa, mutum 6 suka mutu, yawancinsu 'yan Ailan. Bincike ya nuna ruwa ne ya shiga ya ruɓar da katakon da ya turo yana riƙe da ita. Ginin bai kai shekara 10 ba. Mu a nan katako ba shi ne matsalarmu ba, tsatsa ce. Damunar Kaduna ba wasa ba ce. Ruwa ya kwanta a baranda, ya bi ta ɗan tsagi ya iske rodin sama, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankare, ya sirance. Magabata sun san haka, shi ya sa suke yin indararo ya turo can waje ya zubar da ruwa nesa da bango, kuma kowace shekara ake yaɓe kafin ruwa ya sauka.

To, a yi wa birkilan ƙanena adalci. Bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Akwai kobel na kwalliya, kuma shi ya fi yawa a sabbin gidajen Barnawa da irin su. Waɗannan masu lanƙwasa da ake mannawa a ƙarƙashin rufi ko saman fila, na POP ko na siminti da aka zuba a mazubi, ba sa ɗauke da komai. Su ma riƙe su aka yi. Kuskurensa shi ne ya ɗauka duk haka suke. Haɗarin ta fuska biyu ne: a cire na gaske a zaton ado ne, ko a ɗora wa na ado kaya a zaton na gaske ne. Yadda za ka bambance, ka duba samansa. In akwai bim ko dekin ko ƙarfe zaune a kansa, kuma a zanen injiniya an nuna rodi a cikinsa da lambobi, to ma'aikaci ne. Ba mai gida ba, ba birkila ba, ba wanda ke da hurumin cire shi sai wanda ya yi lissafin.

Ga masu haya, musamman ku da ke neman ɗaki a sama don iska. Kafin ka biya kuɗin shekara, fita barandar ka duba inda ta haɗu da bango, ta sama. Tsagin da ya bi layin bango a nan ba irin tsagin filasta ba ne da za a ce a shafe. In tayil ya rufe, duba ko ya fashe a jere. Sauka ƙasa ka ɗaga kai: akwai jan tabo na tsatsa? Kankare ya ɓantare rodi ya fito? Bakin barandar ya sunkuya? Ruwa yana kwanciya? In ka ga haka kar ka tara mutane a kai ranar suna ko ranar kallon ƙwallo, kar ka ajiye janareto da durom ɗin ruwa, kuma ka gaya wa mai gida a rubuce. Masu gini kuma, zane sai an kai KASUPDA ta amince, kuma injiniyan da ya sa hannu ka tambaye shi lambar rajistarsa ta COREN. In an amince da zane sannan aka je fili aka canza, takardar ba ta riƙe komai.

Ƙanena dai bai cire ba. Ranar zuba kankare na je da kaina. Injiniya ya hau ya duba, ya tarar an jera rodin daidai amma babu kujeru, ya tsayar da aiki kusan awa ɗaya, leburori suna ta gunaguni rana tana yi. Birkilan ya ɓata rai har bayan azahar, daga baya ya zo yana tambayar injiniya dalilin da ya sa aka lanƙwasa rodin ya shiga cikin fila, shi kuma ya zana masa a ƙasa da tsinke. Turakun suna nan ba a cire ba har yanzu, saura kwana 9.

Na nuna wa Baba hoton a waya. Ya daɗe yana kallo, ya matso da ita kusa da ido, sannan ya ce, "To, ba laifi. Amma ka gaya wa ƙanen naka ya karkata barandar kaɗan ruwa ya riƙa fita."

Wanda a garinsu ake kiran tauyi da wani suna daban, Katsina ko Sakkwato ko Damagaram, ya turo mana mu ji. Sai mun haɗu a shiri na gaba.